Kanon da Iya Ta Sani

Sadakar arba'in ɗin kakarmu ce ta mayar da ni Kano. Ranar jana'iza a firgice na zo, a firgice na koma Kaduna, ba abin da na riƙe sai sahun mutane a ƙofar gida. A wannan karon sai na nemi hutu a wurin aiki, na ƙudurta cewa kafin ranar sadaka zan taka da ƙafata wuraren da ta saba ambata mana, tun daga unguwar da aka binne cibiyarta har maƙabartar da aka kai ta.

Da sassafe motarmu ta tashi daga tashar Kawo. Daga Zariya zuwa Kwanar Dangora barci ne ya ɗauke ni, sai a Kadawa na farka na ga ruwan Tiga yana bin magudanai, alkama ta yi kore shar hagu da dama, masu tumatir sun jera kwanduna a bakin titi. Shekara da shekaru daga wannan yankin ake kawo mata alkamar da take alkaki da ita. Muka wuce Kura, muka haye gadar Tamburawa cikin hazo, daga nan gari ya karɓe mu: Na'ibawa, 'yan katako, 'yan lemo, hayaƙi da ƙarar hon. Na tari Adaidaita Sahu na ce masa Koki, amma ya bi da ni ta Ƙofar Nassarawa.

Iya muke ce mata, har 'ya'yan da ta haifa. Ni kuwa tun ina rarrafe take kira na Maigida, irin wasan nan na kaka da jika, kuma ba ta fasa ba har furfura ta fito mini a gemu. Da na yi sallama za ka ji ta daga ɗaki: "Lale da Maigida! Ina cefanena?" In na miƙa mata goro sai ta juya shi a tafin hannu ta faɗi irinsa da daɗewar da ya yi a huhu. Matar mai goro ce, idonta ya san shi.

Ba ta san shekarar haihuwarta da lissafin boko ba. Abin da mahaifiyarta ta gaya mata shi ne tana goye aka fara tarar ruwan famfo a cikin birni, mutane na tururuwar zuwa kallo. Famfo da lantarki sun shigo Kano a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ita ba ta kiransa da komai sai Sarki Alhaji. Ke nan ta haura shekara 90 a duniya. Sarakuna shida ta gani: Sarki Alhaji, Sanusi, Inuwa da bai cika shekara a kan gado ba, Ado da ya yi tun daga 1963 har 2014, Sanusi na biyu, sannan Aminu. Da su take auna zamani. Ba za ta ce maka an haifi wane a shekara kaza ba, sai dai ta ce "bayan naɗin Ado da kwana kaɗan," ko "shekarar da Sarauniya ta zo."

Tana 'yar shekara 14 aka kai ta ɗakin miji, ta shiga kulle. Ta yi wajen shekara 30 rana ba ta gan ta a waje ba. In unguwa ta kama, sai bayan isha'i, ta yi lulluɓi, yaro na gaba riƙe da fitila. Duk da haka ban taɓa haɗuwa da wanda ya san birnin Kano irin saninta ba. Lungu-lungu, gida-gida, wa ya auri wa, wane gida ne asalinsu Agalawa, wane ne Sharifai, wace rijiya ce ruwanta ke da zartsi. Yadda aka yi mace ta san garin da ba ta yawo a cikinsa, shi na fito nema.

Washegari, bayan mun karya da koko da ƙosai a zaure ni da Baffa, na nufi Ƙofar Mata. A Zage aka haife ta, gidan marina ne, uba da kaka duk rini suka gada. Marinar na nan dab da ƙofa, an zagaye ta da katanga, an rubuta 1498 a mashiga. Ramukan rini birjik, amma masu rai a cikinsu kaɗan ne. Sauran sun cushe da ƙasa da leda. Na tarar da wani dattijo zaune a bakin raminsa yana tsoma ƙyalle, ya ɗago shi ya bar iska ta buge shi, ya sake mayarwa. In ya fito daga ruwan sai ka gan shi da ɗan kore-kore, kana kallo yana rikiɗa ya koma shuɗi. Na yi masa sallama, na faɗi gidan da kakata ta fito. Sai ya ajiye aikin.

"Allahu akbar! Ashe tsohuwa ta cika? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Zauna, ɗana. Ai a hannun ƙaninta na koyi aikin nan."

Ya shimfiɗa mini buhu, ya nuna mini baba da toka da katsi, ya ce haɗin sai ya yi kwanaki yana ruɓa a rami kafin ya nuna, kuma marini da hanci yake gane ya yi. Warin nan da baƙi ke toshe hanci saboda shi, Iya cewa take ƙamshin gidan ubanta ne. Ta sha gaya mana cewa hannun mahaifinta shuɗi ne har gwiwar hannu, aka yi masa wankan gawa bai fita ba.

A wannan gidan aka damƙa mata mazari tana 'yar shekara bakwai. A gurje auduga a fitar da ƙwaya, a shiɓe ta da baka, sannan a zauna kaɗi, ana dangwala alli a yatsa don kada zare ya zame. Abawa mai kauri, arafiya siriri. Zare ya tafi wurin masaƙa, saƙi ya zo marina, daga nan mabuga su buge shi har ya yi ƙyalli, ya shiga Kurmi, Buzaye su saya su haura da shi Agadas. Ta ce rabin kayan ɗakinta da kuɗin zarenta aka yi shi. Tana ji tana gani yadin kanti ya kashe kaɗi, masaƙun zamani suka buɗe a Kaduna da Bompai, ta kuma rayu har ta ga su ma sun mutu, Kwari ta cika da atamfar Cana. Zuciyata ta yi nauyi a bakin ramukan nan. Sana'ar da ta ciyar da birni ɗaruruwan shekaru ta koma abin da ake kawo baƙi su ɗauki hoto, alhali 'yan dattawan da suka rage ba hoto suke nema ba, ciniki suke nema. Na sayi zane biyu, ɗaya na Gwaggo, ɗaya na mai ɗakina.

Na shigo ta ƙofa na miƙe, asibitin Murtala na gefena. Iya ba ta taɓa haihuwa a asibiti ba. Haihuwa 11 ta yi, duka a ɗaki a hannun ungozoma, da wankan jego da kunun kanwa. Biyar suka rayu. Ƙyanda ta ɗauke mata huɗu, agana ɗaya, ɗaya kuma kwanansa uku a duniya. Ba ta cika maganarsu ba, amma ta riƙe sunayensu, kowace azumi tana yi musu sadaka. Shi ya sa lokacin da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan rigakafin shan inna, har aka dakatar da shi a Kano daga 2003 zuwa 2004, da aka dawo da shi ita ce ta sa aka buɗe wa masu ɗigon ƙofa a gidanmu. Wani cikin 'ya'yanta ya so ya ja, ta ce masa, "Kai nawa ka binne? Ni shida na binne. Ku kawo mini yaran nan." Ba wanda ya ƙara tofawa.

A Babban Masallaci na yi azahar. Ginin nan mai koriyar ƙubba da hasumiya biyu a 1951 aka gama shi, tana da 'ya'ya biyu lokacin, kuma labarinsa a bakin yara ta ji kafin ta gan shi da idonta bayan shekaru. A nan ne ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 aka tayar da bama-bamai aka buɗe wa masallata wuta, fiye da mutum 100 suka rasu. Baffa na cikin sahu a ranar. Gwaggo ta ce Iya ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tashi daga kan sallaya ba, tana jan carbi har sai da ya shigo gida bayan la'asar ba takalmi, da jinin wani a rigarsa. Sai a sannan ta fashe da kuka. Na ratsa ta Ƙofar Kudu, na leƙa Gidan Makama na ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da hotunan dalar gyaɗa, ban daɗe ba, don hankalina na Kurmi.

Kurmi kasuwa ce da ba a shigarta da gaggawa. Tun zamanin Muhammadu Rumfa take ci, kuma har yau lungunanta mutum biyu ba sa jerawa sai ɗaya ya karkace. Ka wuce 'yan littattafai da allunansu da tawada, ka faɗa dukawa da ƙamshin jima, ga sirdi da linzami da likkafa na masu hawa, ga 'yan turare, ga masu kayan yaji sun tula kanumfari da masoro da kimba da citta. A nan kakanmu ya yi rumfar goro shekara da shekaru, kafin cinikin goro ya koma Mariri. Na sami wurin da kwatancen da Iya ta taɓa yi mini: daga masu tasa ka karya dama, rumfa ta uku. Yanzu wani saurayi ne a ciki yana sayar da carbi da hula. Na tsaya ina kallon wurin, don na san mai kwatancen ba ta taɓa taka shi ba sai bayan rasuwar mai rumfar.

Gwaggo ce ta warware mini abin da daddare. Ta ce, "Ai mu ne ƙafafunta." Duk yaron da ya dawo daga talla, kafin ya ajiye faranti sai ya ba da labari. Wa ka gani? Nawa mudun gero yau? Ƙofar gidan wa aka shimfiɗa tabarmi, suna ne ko rasuwa? Ta wane lungu ka bi, me ya hana ka bin na jiya? In yaro ya ce bai lura ba, sai ta ce, "To ido na ado ne?" Ga dillaliya da ke shigowa da ƙullin zannuwa da labarin gidaje goma a bakinta. Ga mai kitso, ga almajiran gida, ga 'yan'uwa da ke zuwa unguwar dare. Duk abin da ya shigo kunnenta ya zauna. Gwaggo ta ce akwai ranar da ta ɓata tana yarinya a wajen Mandawari, wata mata ta dawo da ita. Iya ta tambaye ta abin da ta gani a hanya, daga nan ta faɗa mata daidai kwanar da ta kuskure.

Lissafinta ma haka yake, duk a ka. Ta fara ciniki da anini da ɗari da kwabo mai huda, taro, sisi, nai, sule, fataka, har fam. Da naira ta shigo a Janairun 1973, aka ce fam ɗaya naira biyu ne, sule kwabo goma, tsofaffi da yawa suka rikice aka yi ta cutarsu. Ita cikin mako guda ta daidaita, har matan maƙwabta ke aiko yara ta duba musu canji.

Na fita ta Jakara, inda yanzu an ɗaure ruwan da siminti, an shimfiɗa titi a kan wani sashensa. Na sayi gurasa mai zafi aka yi mini bandashe da ƙuli da albasa, na ci a tsaye, sannan na gangara gida.

Gidanmu na Koki ginin ƙasa ne, zaure biyu, rufin azara, ko da yake an shafe gabansa da siminti. Ɗakinta na nan a kudancin tsakar gida kusa da rijiya, ba a taɓa komai ba tukuna. Gadon ƙarfe mai rumfa, jeren kwalla da tasoshi har sama, rediyonta, buta, da ƙaton turmin da bakinsa ya cinye don aiki. Turmin nan shi ne sana'arta ta biyu. Da kaɗi ya mutu sai ta koma man gyaɗa, kuma ba unguwar da ta fi dacewa da haka, don Koki ce unguwar Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, gyaɗa kuwa a lokacin ita ce Kano. A soya, a murje, a sheƙe, a daka har ta yi laushi, a dinga yayyafa ruwan zafi ana juyawa har mai ya taso. A kwashe mai a kwalabe, tunkuza a murza ta a soya ƙuli-ƙuli. Tun asuba ake farawa, kafin hantsi yara sun fita da shi. Hannunta na dama ya fi na hagu kauri har ta tsufa.

Daga gida zuwa Ƙofar Mazugal ba nisa, na taka da yamma don in ga filin da aka taɓa tara dalar gyaɗa, dubban buhuna a jere har sama suna jiran jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Ikko. Ba ko ɓawo yanzu, sai gine-gine da masu gyaran mota da yara na ƙwallo. Farin 1973 ya fara karya gyaɗa, cutar da ta faɗa mata a 1975 ta ƙarasa, kuɗin fetur kuma ya sa hukuma ta juya mata baya. Iya ba ta zauna jimami ba, ta koma alkaki da nakiya da dubulan na gara. A nan ne sunanta ya fita. Daga Yakasai, daga Gwale, har daga Fagge ake aiko mata in za a kai amarya. Ta ɓarza alkama, ta kwaɓa da mai da ɗan tsami ta bar shi ya kwana, ta naɗa, ta soya, ta tsoma a zuma ko sukari da aka dafa da tsamiya. Alkakinta na wata uku bai sauya ba. Ita ce kuma uwar adashin lungunmu; mata kusan ashirin ke zubi a hannunta ba takarda ba biro, ba a taɓa jin kwabon wata ya yi ciwon kai ba.

Da wannan kuɗin ta biya wa kanta kujerar Makka. Tana cikin tari ne, ranar 22 ga Janairun 1973, jirgin alhazai da ya taso daga Jidda ya faɗi wajen sauka a filin jirgin Kano cikin hazo, mutum 176 suka rasu. Aminiyarta ta ƙuruciya na ciki. An riga an share ɗakinta an dafa abincin tarba. Mutane suka zaci Iya za ta fasa. Ta ce wanda ya mutu a hanyar dawowa daga Ɗakin Allah ai ba abin tausayi ba ne, abin sha'awa ne. Shekarar da ta biyo bayan kashe Murtala ta tafi, ta dawo da haƙorin Makka guda da take nuna mana in tana dariya.

Wata safiya na hau Adaidaita zuwa Gwammaja, gidan Mambayya, inda Malam Aminu Kano ya zauna kuma aka binne shi. Kakanmu ɗan NEPU ne, jam'iyyar Malam, tun farkonta a 1950, ya sha ɗauri sau ɗaya saboda taro, aka ci shi tara, Iya ta sauke tasoshinta shida ta ba dillaliya aka fanso shi. Duk wannan wahala, ita ba ta da ƙuri'a, don matan Arewa ba sa zaɓe a jamhuriya ta farko. Sai a 1979, tana dab da shekara 50, ta fara jefawa. Ta ci ado kamar mai zuwa biki, ta ce a nuna mata mabuɗi kawai, alamar jam'iyyar Malam, ba ta son dogon bayani. Da Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983, ta yi kwana uku ba ta ɗora tukunyar sana'a ba. Na tsaya a bakin kabarinsa na yi masa addu'a a madadinta, na duba ɗan ɗakinsa da gadonsa da littattafansa. Mutumin da ya girgiza Arewa, abin da ya mallaka ke nan.

A hanyar dawowa mai Adaidaita ya bi da ni ta wajen 'Yan Awaki, na tuna Disambar 1980, rikicin Maitatsine da ya ci fiye da mutum 4,000. Daga tsakar gidanmu ana jin harbi dare da rana. Maƙwabta da yawa suka kwashe iyali suka yi ƙauye. Iya ta ce ba inda za ta, ta buɗe ɗakuna ga waɗanda suka gudo daga bakin wutar, mata da yara fiye da talatin, ta juye buhun alkamar sana'arta aka yi ta tuwo da ita har ƙura ta lafa. Cikin yaran nan akwai wanda yau babban ɗan kasuwa ne a Singa, kuma bai taɓa fashin kawo mata buhun shinkafa da azumi ba.

Dala na bari sai ana gobe sadaka. Na hau bayan la'asar, ina hutawa a matakala, yara na wuce ni a guje. Iya ta hau dutsen nan kowace Takutaha, bikin da Kanawa ke yi bayan Maulidi, tana budurwa, da sabon zane da lalle, ita da ƙawayenta. Hawanta na ƙarshe watanni kaɗan ne kafin aurenta. Daga sama na hango ƙubbar masallaci, na hango Goron Dutse ta yamma, rufin kwano ya bazu har inda hazo ya yanke ido. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu sai ka nema kafin ka ga guntayenta, an cinye ta da gini, kududdufan da suka saba tare ruwan damina an cike su an yi shaguna. Na nemi Zage, na nemi Koki, na nemi maƙabartar Dandolo. Mai ƙafa zai haɗa ukun nan kafin azahar. Tsakaninsu ta yi shekara 90 da ɗoriya, in ka cire Makka.

Ba yabon kulle nake ba. Ita kanta ba ta so shi ga jikokinta ba. Ita ta tsaya kai da fata sai da 'yan matan gidanmu suka yi sakandare, ta sayar da awarwaronta ta biya wa ɗaya kuɗin jarrabawa. Da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980 aka buɗe ajin matan aure a kusa da mu, ita da furfurarta ta ɗauki allo da fensir ta je, har ta iya rubuta sunanta da karanta lambar waya. Abin da ba na yarda da shi shi ne masu cewa matan zamaninsu zaman banza suka yi a bayan katanga. Wanda ya faɗi haka bai san daga inda kuɗin cefanen rabin birnin nan yake fitowa ba, bai kuma san wa ya aurar da 'ya'yan ba.

Shekarunta na ƙarshe sun yi mata tsawo. A watan Afrilun 2020, ana cikin kullen korona ga azumi ya kama, tsofaffin Kano suka dinga tafiya ɗaya bayan ɗaya, kullum sai an yi sanarwa a masallacin lungu. Cikin 'yan makonni ta rasa ƙaninta da kishiyarta da ƙawaye biyu da suka rage mata. Da na samu zuwa bayan an buɗe hanya, na tarar ta rage magana. Ta ce mini, "Maigida, yanzu duk garin nan ba sauran mai kira na da sunan yanka. Kowa Iya, kowa Hajiya." Ido ya tafi, ƙafa ta tafi, amma lazimi bai taɓa wuce ta ba safe da yamma, kuma har makon da ta rasu in ka ce mata wane ya mutu sai ta faɗa maka sunan uwarsa da gidan da aka auro ta.

Da na sauko daga Dala muka wuce Dandolo ni da Baffa kafin magariba. Maƙabartar ta cika ƙwarai, sai mun bi a hankali don kada mu taka wani. Baffa ya gane wurin da wani ɗan allon ƙarfe da ya kafa. Muka yi sallama ga mazauna wurin, muka durƙusa muka karanta abin da ya sawwaƙa, muka ba masu haƙa abin sadaka, muka fito.

Ranar arba'in tun asuba aka shimfiɗa tabarmi har bakin lungu. Malamai suka sauke Alƙur'ani a zaure, aka raba waina da gumba da goro. Cikin jikoki akwai waɗanda ba su yarda da sadakar arba'in ba, sun kuma faɗa, amma duk sun zo, suka ce zumunci ya kawo su, Baffa ya ce ai shi ke nan. Cikin gida kuwa ba masaka tsinke. Mata daga unguwannin da na yi ta zagawa a makon, wasu da sanda, wasu an riƙo su, kowace na cewa, "Ya ƙarin haƙuri? Ita ta yi mini alkakin aurena," ko "na 'yata," ko "na jikata."

Da rana ta yi, wata dattijuwa daga Yakasai ta ja Gwaggo gefe, ni ina kusa ina zuba wa almajirai abinci. Ta kwance bakin zaninta ta fito da kuɗi a naɗe. Ta ce cikon kuɗin garar autarta ne, shekara 20 ke nan, duk sanda ta kawo sai Iya ta ce ta bari sai ta ƙara samun sarari.

Gwaggo ta ce, "Haba Yaya, mayar da kuɗinki. Tun kafin azumin bara ta tara mu ta ce duk wanda take bi ta yafe, duniya da lahira. Har sunanki ta faɗa."

Matar ta ce ita dai ba za ta koma gida da su ba, ta riga ta fitar. Suka yi ta ja, Gwaggo na turawa tana dawowa da su, har aka kira Baffa. Ya saurari kowacce, ya ce to a kira ɗan garuwa. Aka ƙirga kuɗin, suka isa kura uku. Aka cika randunan ƙofar gida da na masallacin lungu, sauran jarkokin aka shiga da su gidan maƙwabciyarmu mai jego.